Tsakanin "Melek" da "Nagid": Nazarin Laƙuban Sarauta a Littafin Sama'ila

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami wata al'umma ta zamanin da wadda sarakunanta ba su yi da'awar cewa daga sama aka ba su mulki ba. Hammurabi na Babila, wanda ya yi sarauta a ƙarni na 18 kafin Miladiyya, ya buɗe kundin dokokinsa da bayanin cewa allolin Anu da Enlil ne suka kira shi domin ya tsayar da adalci a ƙasa. Haka kuma Mesha, sarkin Mowab, a rubutun dutsen nan da aka gano a shekarar 1868, ya danganta nasarorinsa ga allahnsa Kemosh. Ke nan Banu Isra'ila ba su zo da wani baƙon abu ba da suka ce Ubangiji ne yake zaɓar sarki. Bambancin da ke akwai shi ne, waɗancan rubuce-rubuce daga bakin fada suka fito, alhali littattafan Ibrananci sun adana labarin da a cikinsa ake gurfanar da sarkin kansa.

Wannan maƙala za ta duba yadda Littafin Sama'ila, na ɗaya da na biyu, ya yi amfani da laƙubai biyu, wato "melek" da "nagid", da kuma wani aikatau guda ɗaya, wajen isar da jigonsa. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa a wannan labari zaɓin Ubangiji amana ce mai sharaɗi, kuma marubucin ya dasa wannan hukunci a cikin kalmomin da ya zaɓa. Za a bi labarin ne a matsayinsa na adabi, da sunaye kamar yadda suka zo a cikinsa. Mai karatu Musulmi ya san Saul da sunan Ɗalutu a Suratul Baƙara, ya kuma san Dawuda da Sulemanu a matsayin annabawa, waɗanda malaman Musulunci ba su yarda da wasu abubuwan da wannan labari ya jingina musu ba. Manufa a nan ita ce fahimtar abin da matanin Ibrananci yake cewa da kuma yadda yake faɗinsa.

2.0 Laƙuban Shugabanci

Kafin a shiga labarin, ya kamata a san kalmomin da za a riƙa cin karo da su. Ta farko ita ce "shofet", wadda ake fassarawa da alƙali ko mahukunci. Aikin shofet ya wuce shari'a, domin shi ne mutumin da yakan taso a lokacin ƙunci ya ceci jama'a daga abokan gaba, kuma bisa al'ada ba a gadon matsayinsa. Kalmar ba ta Ibraniyawa ce kaɗai ba, don kuwa manyan mahukuntan birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, da irin wannan suna ake kiransu.

Ta biyu ita ce "melek", wato sarki. Saiwarta ɗaya da "malik" da "mulk" na Larabci, inda Hausa ta aro kalmar mulki. Wannan shi ne laƙabin da matanin Ibrananci yake ba sarakunan maƙwabtan Isra'ila: sarkin Mowab melek ne, Fir'auna ma melek ne. Ta uku ita ce "nagid", wadda saiwarta ke ɗauke da ma'anar kasancewa a gaba, kuma daga saiwar ce aka sami aikatau mai ma'anar sanarwa ko bayyanawa. Don haka ana iya fassara ta da jagora, ko kuma wanda aka ayyana. Ta huɗu ita ce "mashiyah", wato wanda aka shafe da mai, 'yar'uwar kalmar Almasihu. Zuba mai a kai shi ne naɗinsu, kamar yadda rawani yake a wurin Bahaushe. Ta biyar ita ce "nasi", wadda ake ba shugaban kabila, kuma za mu sake haɗuwa da ita a ƙarshen labarin.

A shekarar 1930 masanin nan Bajamushe, Albrecht Alt, ya nuna cewa nagid shi ne wanda Ubangiji ya ayyana, melek kuwa shi ne wanda jama'a suka yi wa mubaya'a. A shekarar 1976 Tryggve Mettinger, ɗan ƙasar Suwidin, ya saɓa masa, inda ya ce asalin kalmar laƙabin fada ne na yarima mai jiran gado, daga baya ne aka ba ta ma'anar addini. Wannan muhawara ta tarihin kalmar ce. Abin da ya shafi mai nazarin adabi shi ne: a cikin labarin da ke hannunmu, wa yake furta wace kalma, kuma a wane lokaci?

3.0 Share Fage: Almarar Itatuwa

Tun kafin a naɗa sarkin farko, Littafin Mahukunta ya riga ya sa wa mai karatu shakka game da sarauta. A sura ta 8 jama'a sun nemi Gidiyon ya mallake su, shi da ɗansa da jikansa, ya ƙi, ya ce Ubangiji ne mai mallakarsu. Sai dai kuma ɗaya daga cikin 'ya'yansa sunansa Abimelek, wanda ma'anarsa ita ce ubana sarki ne. Wannan gugar zana ce irin ta gwanin mai ba da labari: baki ya ƙi sarauta, sunan ɗa ya tona abin da ke zuci.

A sura ta 9 Abimelek ya kashe 'yan'uwansa, mutanen Shekem suka naɗa shi melek. Ƙaraminsu da ya tsira, wato Yotam, ya hau Dutsen Gerizim ya ba da almara. Itatuwa sun fita neman sarki. Zaitun ya ƙi barin mansa, ɓaure ya ƙi barin zaƙinsa, kurangar inabi ta ƙi barin ruwanta. Ƙaya ce kaɗai ta karɓa, ta kuma gayyace su su fake a inuwarta, in ba haka ba wuta ta fito daga jikinta ta cinye su. Duk wanda ya taɓa neman inuwa a gindin ƙaya ya san inda habaicin ya dosa. Masu ba da amfani suna da aikin yi, wanda ba ya ba da kome shi ne yake da lokacin mulki. Bayan shekara 3 mulkin Abimelek ya wargaje, wata mace ta jefo masa dutsen niƙa a ka daga saman hasumiya. Da wannan ɗanɗano a baki mai karatu yake shiga Littafin Sama'ila.

4.0 Abin da Aka Roƙa da Abin da Aka Bayar

A sura ta 8 ta littafi na ɗaya, dattawa sun zo wurin Sama'ila a Rama. Hujjarsu mai ƙarfi ce: ya tsufa, 'ya'yansa biyu da ya sa alƙalanci a Biyersheba suna cin hanci. Abin da suka roƙa shi ne melek, irin na sauran al'ummai, wanda zai yi musu shari'a, ya fita a gabansu ya yi musu yaƙi. Ubangiji ya ce wa Sama'ila ya biya musu bukatarsu, amma ya sani cewa sarautar Ubangijin ce suka ƙi.

Da aka shiga sura ta 9 sai salon labarin ya sauya baki ɗaya. Ga wani saurayi, Saul ɗan Kish, yana yawon neman jakunan mahaifinsa da suka ɓata, har sai da baransa ya ba shi shawarar su tambayi wani mai gani da ke garin. A aya ta 16 Ubangiji ya umarci Sama'ila ya shafe shi da mai ya zama nagid a kan jama'arsa. Kalmar da dattawa suka furta ba ita aka maimaita ba. An yi naɗin da sassafe a bakin gari, bayan an sallami baran ya yi gaba, ba shaida ko ɗaya. Bugu da ƙari, a cikin waɗannan surori biyu an yi ta nanata aikatau ɗin nan na sanarwa mai saiwa ɗaya da nagid: ana fata mai gani ya sanar da su hanya, Sama'ila ya yi alkawarin sanar da Saul abin da ke zuciyarsa. Amma da Saul ya koma gida kawunsa ya tambaye shi, sai ya sanar da shi batun jakuna, ya ɓoye batun sarauta. Wanda aka ayyana ya kasa bayyanawa. Da aka tara jama'a a Mizfa aka jefa ƙuri'a ta faɗa kansa, sai da aka zaƙulo shi daga cikin kaya inda ya ɓuya. A nan ne jama'a suka yi masa kirari da kalmarsu, wato melek, suka kuma tabbatar da ita a Gilgal bayan ya ci Ammonawa da yaƙi.

Ke nan Saul mutum ne mai laƙabi biyu da iyayengiji biyu, kuma faɗuwarsa daga nan ta samo asali. A sura ta 13 ya miƙa hadaya da kansa saboda ya ga mutane suna watsewa daga bayansa, Sama'ila ya shaida masa cewa an riga an umarci wani ya zama nagid. A sura ta 15 ya amsa da bakinsa cewa tsoron jama'a ya ji, ya bi maganarsu. Abin lura shi ne Saul ya ci gaba da zama a gadon sarauta shekaru da dama bayan wannan, yana da rundunarsa da fadawansa. Melek bai gushe ba, amma nagid ya koma wurin wani makiyayi a Baitalami. Sauran littafin bayani ne na yadda mutum yake zama idan yana riƙe da sandar mulki bayan an janye amanar da ke bayanta.

5.0 Aikatau Guda Mai Jan Zaren Labari

Martin Buber, wanda ya fara fassara waɗannan littattafai zuwa Jamusanci tare da Franz Rosenzweig a shekarar 1925, ya lura cewa marubutan Ibrananci sukan ɗauki kalma guda su riƙa maimaita ta a muhimman wurare domin ta ja hankalin mai sauraro zuwa ga jigo. Robert Alter ya faɗaɗa wannan nazari a shekarar 1981. A labarin sarauta kalmar ita ce "laƙah", wato ɗauka ko karɓa.

A gargaɗin da Sama'ila ya yi wa jama'a a sura ta 8, kalmar ta zo sau 4. Sarki zai ɗauki 'ya'yansu maza domin karusansa, ya ɗauki 'ya'yansu mata domin girki da toye-toye, ya ɗauki gonakinsu da inabinsu ya ba fadawansa, ya ɗauki barorinsu da jakunansu, ban da ushirin hatsi da na tumaki. Sun zo neman wanda zai yi musu, aka kwatanta musu wanda zai karɓe musu. A sura ta 12 kuwa, da Sama'ila yake ban kwana, da kalmar ya ƙalubalanci taron: a fito a faɗi san wa ya taɓa ɗauka, ko jakin wa, ko daga hannun wa ya karɓi toshiya. Jama'a suka shaida bai ɗauki kome ba. Da wannan aka kafa ma'aunin da za a auna duk mai mulki.

A littafi na biyu, sura ta 7, Ubangiji ya tuna wa Dawuda cewa shi ne ya ɗauke shi daga makiyaya, daga bin tumaki, domin ya zama nagid. A nan kalmomin biyu suka haɗu a aya ɗaya: nagid shi ne wanda aka ɗauka, melek shi ne mai ɗauka. Bayan surori huɗu kacal, sura ta 11 ta buɗe da cewa lokacin fita yaƙi ya yi, rundunar ta fita, Dawuda ya zauna a Urushalima. Mai karatu zai tuna cewa fita a gaban jama'a shi ne dalilin neman sarki tun farko. Daga nan labarin ya ce ya aika aka ɗauko matar Uriya, ɗaya daga cikin mayaƙansa, daga bisani kuma ya shirya mutuwar mijin a bakin daga. Marubucin bai tsaya yin wa'azi ba. Ya dai yi amfani da aikatau ɗin da Sama'ila ya nanata, ya bar mai kunne ya ji.

Annabi Natan ya zo masa da ƙara a sura ta 12: wani attajiri mai garkuna ya yi baƙo, ya ƙi taɓa nasa, ya ɗauki 'yar tunkiya guda ta wani matalauci ya yanka. Dawuda, tsohon makiyayi, ya husata ya yanke hukunci, sannan aka shaida masa cewa kansa ya yanke wa. Hikimar wannan fage ita ce an mai da sarki matsayin shofet domin ya hukunta melek. Mai karatu Musulmi zai tuna da masu husuma biyu a Suratu Sad, mai tumaki 99 da mai tunkiya ɗaya, inda ƙissar ta ƙare da sanya Annabi Dauda halifa a bayan ƙasa da umartarsa da yin hukunci da gaskiya. Alƙur'ani bai kawo labarin matar Uriya ba, amma a wurare biyun tunkiyar mai ƙaramin ƙarfi ce ma'aunin mai mulki.

6.0 Ƙarshen Laƙuban

A sura ta 1 ta Littafin Sarakuna na ɗaya an sami wani sauyi mai muhimmanci. Dawuda ya tsufa, 'ya'yansa suna takarar gado, sai ya ce shi ne ya umarta Sulemanu ya zama nagid. Kalmar da aka saba ji ana danganta ta ga Ubangiji ta fito daga bakin uba mai naɗa ɗansa. Wannan aya ce Mettinger ya dogara da ita. Amma ga wanda yake bin labarin a jere, abin da yake ji shi ne fada ta karɓe kalmar. Bayan haka, idan annabi ya tuna wa wani sarki cewa an sa shi nagid, kamar yadda aka yi wa Yerobowam da Ba'asha, to shimfiɗa ce ta sanar da shi halakar gidansa.

Babila ta rushe Urushalima wajen shekarar 586 kafin Miladiyya, sarautar gidan Dawuda ta ƙare. Martin Noth ya nuna a shekarar 1943 cewa a wannan zamani na zaman bauta ne aka harhaɗa tarihin da ya taso daga Maimaitawar Shari'a zuwa Sarakuna. In haka ne, to waɗanda suka tsara labarin mutane ne da suka ga inda sarauta ta kai su. Ezekiyel, wanda ya rayu a cikin bautar, da ya zo kwatanta ƙasar da za a sake ginawa a surori na 40 zuwa 48, sai ya kira shugabanta nasi, tsohon laƙabin kabila. A sura ta 46 ya kafa masa doka cewa kada ya ɗauki kome daga gadon jama'a, da aikatau ɗin nan dai na Sama'ila. Littafin Ishaya kuwa, a sura ta 45, ya ba da laƙabin mashiyah ga Sairus na Farisa, wanda ya ci Babila a shekarar 539 kafin Miladiyya, baƙo wanda bai ma san Ubangijin Isra'ila ba. Babu wata shaida da ta fi wannan nuna cewa laƙabin ba mallakar wani gida ba ne.

7.0 Inda Wannan Fahimta Take da Iyaka

Adalci ne a faɗi abin da bai dace da wannan karatu ba. Da farko, rabon kalmomin bai zama ƙa'ida marar togiya ba, domin a sura ta 16 Ubangiji da kansa ya kira wanda zai gaji Saul da melek. Na biyu, Julius Wellhausen ya nuna tun shekarar 1878 cewa surori na 8 zuwa 12 haɗin riwayoyi ne, wasu masu son sarauta, wasu masu ƙinta, don haka mai yiwuwa bambancin kalmomin ya samo asali daga bambancin riwayoyi. Amsar da za a bayar ita ce wanda ya jera su kusa da juna ya bar saɓanin a fili, kuma jerawar ita ma aikin marubuci ce. Na uku, sura ta 7 ta yi wa gidan Dawuda alkawarin dawwama, Zabura ta 2 ta kira sarki ɗa, ta 110 ta zaunar da shi a dama. Wannan murya ta fada tana nan da ƙarfinta, ko da yake Zabura ta 89, wadda ta fi kowace jaddada alkawarin, da kuka ta ƙare saboda an jefar da kambi a ƙasa.

Na huɗu, kuma mafi nauyi, labarin ya sa sarki a ƙarƙashin annabi, amma bai nuna wanda zai binciki annabin ba. Sama'ila ba ɗan ba-ruwana ba ne, tun da 'ya'yansa ne aka ƙi. Laifin Saul a sura ta 15 kuwa shi ne bai ƙarasa hallaka Amalekawa da dabbobinsu ba, umarnin da zuciyar mai karatu na yau ba za ta natsu da shi ba. Wannan ne ya sa masu karatu da yawa sukan ji tausayin Saul fiye da yadda mai ba da labarin ya nema.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa Littafin Sama'ila ya gina hukuncinsa a kan sarauta da laƙubai biyu da aikatau ɗaya. Jama'a sun roƙi melek, aka ba su nagid. Saul ya riƙe na farko ya rasa na biyu. Dawuda an ɗauke shi daga bin tumaki, ranar da shi ma ya ɗauka sai aka aiko masa da labarin tunkiya. Darasin ga ɗalibi mai sha'awar rubutun zube shi ne kalma guda da aka ajiye a inda ya dace takan yi aikin da shafi goma na wa'azi ba zai yi ba. Ga mai fassara kuwa, idan ya mai da laƙuban duka sarki, to ya share rabin labarin. Mun saba jin ana cewa Allah ke ba da mulki, sau da yawa domin a rufe bakin mai ƙorafi. Marubutan wannan littafi sun yarda da maganar ɗari bisa ɗari, kuma saboda sun yarda da ita ne suka ga suna da ikon tambayar mai mulki abin da Sama'ila ya tambayi jama'a game da kansa: san wa aka ɗauka, kuma jakin wa?